Abdulkarim, Baturen da Ya Zauna a Wurno

Ni mutumin Wurno ne, kuma tun da na shigo wannan makaranta 'yan ɗakinmu ba su bar ni na sha ruwa ba. Na Rabah suna taƙama da Sardauna, wanda hotonsa ke ko'ina, na Goronyo kuwa da madatsar ruwansu. In na ce garinmu ya taɓa zama mazaunin Sarkin Musulmi, sai su ce in kawo hoto su gani. Wannan gardama ce ta kai ni laburare, inda na ci karo da labarin wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus a 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, ya kuma koyi Larabci. A 1845 ya fita yawon gaɓar Bahar Rum, yana bin kangwayen mutanen da na bakin teku, daga Maroko ya nufi Masar. Cikin kayansa har da akwatin ɗaukar hoto irin na farkon zamani, wanda bai wuce shekara 6 da fitowa duniya ba. A 1846, dab da iyakar Masar, 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a cinya, suka kwashe akwatin da takardunsa. Saboda haka duk abin da ya bar mana na kamannin ƙasarmu, da fensir da alƙalami ya yi shi.

Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da Turawa biyu, Richardson da Overweg. Sun bar Tarabulus a 1850. Shi ya biyo ta Agadas da Katsina da Kano har Kukawa, ya koyi Hausa a hanya. Abokan nan nasa duka suka mutu a ƙasar Barno, ɗaya a 1851, ɗaya a 1852. Wani da sai ya koma gida. Shi kuwa sai ya juya yamma, wai sai ya ga Tambutu. Cikin barorinsa akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda bai ma kai shekaruna ba.

To, ga inda labarin ya shafe mu. A watan Afrilu na 1853 ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan Muhammadu Bello, a Gawasu, yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Sarki ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka sauke shi a Wurno ya jira dawowarsa. Ya yi wajen wata guda a nan, cikin zafin bazara. Ba abin da mutumin nan ya ƙi kamar zama wuri ɗaya, har ya yi ta ƙorafi a kan zafi da tsadar abinci. Amma a ganina wannan zaman dole shi ya fi yi mana amfani. Da ba inda za shi, sai ya shiga kallo da tambaya. Ya rubuta yadda garin yake bisa tudu da gulbin Rima a ƙarƙashinsa, da abin da ake saye a kasuwa da kuɗinsa na wuri. Ya zauna da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, ya karanta Tazyinul Waraƙati na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya leƙa Sakkwato na 'yan kwanaki, ya zana kasuwarta.

Daga nan ya wuce Gwandu, ya kai Tambutu a watan Satumba, inda Shehu Albakkayi ya kare shi daga masu neman ransa. Kirista ne, bai musulunta ba, ko da yake a hanyar Tambutu ya ɓad da kama ya ce shi sharifi ne. Wannan kam ban yaba masa ba.

A 1854 ya sake biyowa ta Wurno da damina, atuni ya kwantar da shi fiye da wata guda. Maganin Turai bai wadatar ba, sai da ya koma ga na mutanen gari: dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa. Da na gaya wa kakata wannan, dariya ta yi, ta ce ai bagaruwa ba baƙuwa ba ce.

Akwai abu guda da ya tsaya mini a rai. Aliyu Babba ya ba shi takardar amana domin fataken Ingila su riƙa shigowa ciniki. Shekara 50 cif bayan haka, a 1903, sojan Ingila suka ci Sakkwato. Ban ce Abdulkarim ya nufi haka ba, don ya rubuta tarihinmu da mutunci a lokacin da Turawa da yawa ke cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Amma hanyoyi da rijiyoyi da ganuwoyin da ya lissafa, duk mai son karantawa ya karanta.

Ya koma Turai a 1855 tare da Dorugu. Littafinsa ya fito cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, wani mai zane, Bernatz, ya gyara zane-zanensa aka buga a ciki. Bai yi aure ba. Ya mutu a Balin a 1865 yana da shekara 44.

Na nuna wa 'yan ɗakinmu zanen kasuwar Sakkwato. Suka daɗe suna kallo, sannan wani ɗan Goronyo ya ce ai wannan ba Wurno ba ce. Gardama tana nan sai bayan hutu.