Marigayi Farfesa Latunde Odeku da Doguwar Hanyarsa Zuwa Ƙwaƙwalwa

A ofishin da nake aiki, takardun masu neman tallafin karatu kan bi ta teburina. Kwanan baya wata ƙanwarmu da ta gama makarantarmu ta Malali shekaru kaɗan bayanmu ta kawo nata, tana son yin digiri na biyu a ilmin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Na duba sakamakonta na jami'a: bayoloji ya yi kyau, amma kimistiri da lissafi da ƙyar aka sha. A ganinta waɗannan ba su shafi ƙwaƙwalwa ba. Da yake ni ba fannina ba ne, sai na ba ta labarin mutumin da na san tarihinsa.

An haifi Emanuel Latunde Odeku a Ikko a 1927, ya yi sakandare a makarantar maza ta Methodist da ke can, sannan ya tafi Jami'ar Howard a Washinton ta Amurka. Abin da ya fara karantawa ilmin dabbobi ne, irin wanda muka riƙa gudu a ɗakin gwaje-gwaje in an ce mu fiɗe kwaɗo mu zana. Ya fita da sakamako mafi daraja a 1950, ya zama likita a 1954.

Duk da haka bai isa ya taɓa kan mutum ba tukuna. Daga 1956 zuwa 1960 yana Jami'ar Michigan yana koyon tiyata a hannun Dokta Edgar Kahn. Da ya gama sai ya sake komawa ɗalibi, ya zauna yana duban yankakken naman ƙwaƙwalwa a madubin likita don sanin yadda cuta ke ɓata shi, kana ya wuce asibitin yara na Filadelfiya. Nan na fi tsaya wa ƙanwar tamu. Saƙon da jijiya ke ɗauka lantarki ne, wanda shigar sinadarin sodiyam da fitar fotasiyam ke haifarwa, a mahaɗar jijiya da jijiya kuma galibi wani sinadarin ne ke ƙetarar da shi. Wanda bai riƙe kimistiri da fiziks ba, haddar sunaye kawai zai yi, ranar auna sakamakon bincike kuwa lissafi zai tsare shi.

A 1962, yana da shekara 35, ya bar aikin koyarwa a Howard ya dawo Jami'ar Ibadan, inda ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Nijeriya, da kayan aikin da ya sayo da kuɗinsa. Ya zama farfesa a 1965, ya shugabanci tsangayar likitanci daga 1968. Har waƙoƙin Turanci ya rubuta ya buga. Ciwon sukari ya yi ajalinsa a Landan ranar 20 ga Agusta, 1974, yana da shekara 47. Shekara goma sha biyu ke nan ya yi yana aiki a gida, daidai da waɗanda ya yi yana shiri bayan digirinsa na farko.

Ƙanwar tamu dai ta ɗage neman zuwa baɗi. Tana buƙatar mai koya mata kimistiri da ƙididdiga ranar Asabar a nan Malali. Duk wanda zai iya cikin malamanmu ko 'yan ajinmu, ya sanar da sakataren ƙungiya.