Michael Dillon: Likitan da asirinsa ya tonu sau biyu

A watan Mayun 1958, wani jirgin ruwan dakon kaya na Birtaniya yana tsaye a tashar Baltimore ta Amurka, sai ga 'yan jarida sun hau suna cigiyar likitan jirgin. Likitan ya fito, mutum ne ɗan shekara 43, mai gemu, mai shan lofe. Sunansa Laurence Michael Dillon. Tambayar da suka zo da ita ba ta shafi jirgi ko magani ba. So suke su ji ko gaskiya ne a mace aka haife shi.

Gaskiya ne kuwa.

Na san tun daga nan wani ya haɗa rai, wata kuma ta fara laluben inda za ta rubuta a'uzubillahi. Dakata tukuna. Ba fatawa na zo ba ka ba, ka san inda ake tambayar hukuncin addini, kuma ba wurin ɗalibin koyon aikin jarida ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai a tarihin mutumin nan shi ne tambayar da muke ta bugawa a aji: asirin da mutum ya faɗa wa likitansa, wa ke da ikon fitar da shi? Sannan ka san Hausa ba ta bari ka tsaya a tsakiya, dole ka ce ya ko ta. Ni zan bi abin da takardunsa na hukuma suka nuna tun 1944, in ce ya.

An haife shi a Landan ranar 1 ga Mayun 1915, aka raɗa masa suna Laura Maud. Mahaifiyarsa ta rasu 'yan kwanaki bayan haihuwa, sai aka kai shi da yayansa Robert hannun gwaggwanninsu a garin Folkestone. Gidansu gidan sarauta ne, suna gadon muƙamin baronet na Lismullen a ƙasar Ireland, wanda ɗa namiji kaɗai ke gada. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ya yi karatu a Oxford, ya shahara a tseren kwale-kwale har ya shugabanci ƙungiyar mata ta jami'ar. Amma tun yana ƙarami bai taɓa jin kansa a matsayin mace ba. A wancan zamanin babu ma kalmar da zai kira abin da yake ji, balle asibitin da zai nufa.

Bayan ya gama a 1938 ya kama aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje kusa da birnin Bristol. A nan ya ji labarin wani likita, George Foss, mai gwada sinadarin testosteron a kan mata masu yawan zubar jini. Testosteron shi ne sinadarin da ke buɗe muryar namiji, ya fito masa da gemu, ya faɗaɗa masa kafaɗa, kuma a 1935 ne masana suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Wato magani ne sabo fil, ba wanda ya san abin da zai yi wa jiki bayan shekara ashirin. A 1939 Dillon ya je wurin Foss. Foss ya ba shi ƙwayoyin, amma ya ce sai ya fara ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ya je, ya zauna, ya fayyace wa likitan ƙwaƙwalwar duk abin da ke cikinsa.

Likitan nan ya kwashe zancen ya mai da shi abin hira. Kafin ka ce kwabo labari ya iso wurin aikinsa.

Ka ɗan tsaya a nan. Babu WhatsApp, babu Facebook, babu wanda ya ɗauki hoton allon waya ya tura wa rukuni. Baki ɗaya ne kawai, na mutumin da aikinsa ma shi ne riƙe amana, kuma ya isa ya raba mutum da sana'arsa. Dillon ya bar aikin. Mai digirin Oxford ya koma gareji a Bristol, yana zuba wa mutane mai, yana tuƙa janwe, abokan aiki suna yi masa shaƙiyanci. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Jamusawa suna ruwan bama-bamai a birnin, shi ne yake kwana gadin gobara a garejin. Yana shan ƙwayoyinsa, murya tana sauyawa, har ta kai manajan garejin ya umarci ma'aikata su riƙa kiransa da shi, don kada a rikita masu kawo mota.

Yadda ya samu tiyata kuwa, ba wani tsari ba ne, tsautsayi ne ya zama sanadi. Yana fama da saukar sukarin jini, yakan yanke jiki ya faɗi. A wata faɗuwar ya buge kai aka kwantar da shi a asibitin Bristol Royal Infirmary, a nan wani likitan gyaran jiki ya saurare shi. Shi ya cire masa ƙirjin mata, ya rubuta masa takardar da ta taimaka aka sauya masa takardar haihuwa a 1944, sannan ya haɗa shi da Harold Gillies.

Gillies ba ƙaramin mutum ba ne. Ɗan New Zealand ne, kuma shi ake kira uban tiyatar gyaran jiki ta zamani, saboda dubban sojojin da ya sake gina wa fuska tun yaƙin duniya na farko. Dabararsa ita ce a yanko fata daga wani sashen jiki ba tare da an tsinke ta gaba ɗaya ba, a naɗe ta kamar bututu don jini ya ci gaba da ratsa ta, sannan a riƙa matsar da ita sannu a hankali zuwa inda ake buƙata. Ya ce wa Dillon sai an gama yaƙi, don gadajensa cike suke da sojoji. Daga 1946 zuwa 1949 ya yi masa tiyata aƙalla sau 13 a asibitin Rooksdown House kusa da Basingstoke, ya gina masa al'aurar namiji da fatar cikinsa da ta ƙafafunsa. Shi ne mutum na farko da aka sani an yi wa wannan aiki don sauya jinsi. Ciwukan sun sha ruɓewa, ya sha wuya ba kaɗan ba. Kuma duk wannan a lokacin hutu ake yi, domin tun 1945 ya shiga karatun likitanci a Trinity College da ke Dublin, inda ya koma tseren kwale-kwale, wannan karon cikin maza.

Ga wani abin da ya kamata ka lura da shi. A takardun asibiti Gillies bai rubuta gaskiyar abin da yake yi ba. Ya rubuta cewa Dillon namiji ne da aka haifa da matsalar mafitar fitsari. Wato ya shigar da shi sahun masu matsalar halitta, kusa da waɗanda mu muke kira mata-maza, alhali lamarinsa daban ne: jikinsa na haihuwa na mace ne, abin a tunaninsa da yadda yake jin kansa yake. Ƙarya ce a takarda, ba na musu. Amma kwatanta likitocin biyu. Ɗaya ya faɗi gaskiya inda bai kamata ba, ya rusa mutum. Ɗaya ya rufe, mara lafiyarsa ya samu shekara kusan goma yana tafiya a titi ba mai nuna shi da yatsa. Ni dai har yanzu ban gama yanke hukunci a kan na biyun ba, amma na farkon ban ga uzurinsa ba.

Hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, NHS, mai duba kowa kyauta, a ranar 5 ga Yulin 1948 ta fara aiki, Dillon yana tsakiyar jerin tiyatarsa. Ba ta zo da wani sashe na masu irin lamarinsa ba. Sai a 1966 aka kafa irin wannan sashen a asibitin Charing Cross na Landan, shekara huɗu bayan mutuwarsa, kuma yau masu neman a duba su a irin wannan sashen sukan yi shekaru a layi. Shi layinsa shi ne sa'ar haɗuwa da likita mai kunne.

A 1946 ya fitar da littafi mai suna Self: A Study in Ethics and Endocrinology, inda ya kafa hujjar cewa idan an kasa sauya tunanin irin waɗannan mutane, to a daidaita jikinsu da tunanin. Bai nuna cewa kansa yake nufi ba. Littafin ne ya haɗa shi da Roberta Cowell, tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai son komawa mace. Dillon, tun bai zama cikakken likita ba, ya yi wa Cowell tiyatar da likitoci ke gudu saboda doka, abin da zai iya kai shi kurkuku. Ya nemi auren Cowell, aka ƙi shi. A 1951 ya gama karatu, ya ɗan yi aiki a Dublin, sannan ya zama likitan jiragen ruwa, ya yi shekara shida yana yawon teku.

Yanzu mu koma kan sarautar nan. Turawan Ingila suna da manyan littattafai biyu na asalin masu sarauta, Debrett's da Burke's. Yayansa Robert ne ke riƙe da muƙamin, kuma ba shi da ɗa. Debrett's ya rubuta cewa magajinsa shi ne ƙanensa Laurence Michael. Burke's kuwa ya rubuta cewa ƙanwa gare shi, Laura Maud. Ranar haihuwa ɗaya. Wani ya haɗa biyun, jaridar Sunday Express ta buga, 'yan jarida suka bi shi har Baltimore.

A aji an koya mana bambancin abin da jama'a ke da haƙƙin sani da abin da jama'a ke marmarin ji kawai. Wane mara lafiya Dillon ya cuta a jirgin nan? Kuɗin wa ya ci? Labarin gaskiya ne daga farko har ƙarshe, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, don mu ma da shi muke kare kanmu idan mun tura hoton wani: ai ba ƙarya na yi masa ba.

Ya bar aikin teku ya nufi Indiya. Dama ya daɗe yana karanta addinin Buddha, sai ya aske gemu, ya rabar da dukiyarsa, ya ɗauki suna Jivaka, sunan likitan Buddha. Can ma tarihinsa bai ƙyale shi ba, domin ƙa'idar ɗariƙar Theravada da ya fara shiga ta hana a ba irinsa cikakken matsayi. Sai ya koma wajen mabiya ɗariƙar Tibet, ya shiga gidan ibada na Rizong a tsaunukan Ladakh a matsayin almajiri na ƙasa, da suna Lobzang Jivaka. Likita, ɗan gidan sarauta, yana aikin kicin cikin sanyi da ƙarancin abinci, kuma ya rubuta cewa ya ji daɗin zaman. Bai daɗe ba, saboda yankin yana kan iyaka da Sin, gwamnatin Indiya ba ta barin baƙo ya zauna sai da izini na ɗan lokaci.

A farkon Mayun 1962 ya kammala rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa, ya sa masa suna Out of the Ordinary, ya aika wa wakilinsa a Landan. Karo na farko ke nan da shi da kansa ya zaɓi ya ba da labarin. Ranar 15 ga watan ya rasu a wani asibiti a garin Dalhousie, yana da shekara 47. Yayansa, wanda dama ya daɗe da yanke hulɗa da shi, ya nemi a ƙone rubutun. Wakilin bai ƙone ba, amma ba a buga ba. Robert ya rasu a 1982 ba magaji, sarautar Lismullen ta ƙare a kansa. Littafin kuwa sai da ya yi fiye da shekara 50 a ajiye kafin wata maɗaba'ar jami'a a Amurka ta fitar da shi.