Muhammadu Bello Mai Wurno: Ɗan Sarkin Musulmi da Ya Taka Zuwa Sudan

Yau maniyyaci kan tashi daga Abuja da safe, kafin dare yana ƙasa mai tsarki, har mu ji ana ƙorafin an yi jinkirin jirgi. A wannan Juma'a bari mu waiwayi wani bawan Allah da ya fuskanci gabas da ƙafarsa.

Muhammadu Bello Mai Wurno ɗa ne ga Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba. Ya ɗaura niyyar hijira zuwa Makka, jama'a suka yi ta binsa gari-gari: malamai, fatake, manoman da suka bar gonakinsu ana dab da damina. Turawa suka bi sawu har Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu. Nan aka gwabza ran 27 ga Yuli 1903, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ragowar ayarin sai ya koma wuyan Mai Wurno. Kusan shekara uku suka yi kafin su kai bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wajen 1906, suka sauka a Shaikh Talha. Ku ƙiyasta abin: mata da goyo, tsofaffi, ba guzurin kirki. Irin wannan tafiya ba a yinta a miƙe. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a girbe, a sake ɗaura kaya. Wanda ya rasu a yi masa sutura a gefen hanya, a wuce.

Daga baya ya kafa gari kusa da Sennar, wanda har gobe sunansa yake amsawa: Maiurno. A ganina nan ne babban aikinsa. Garin ya zama zangon masu tafiya Hajji a ƙasa. Mutum ya baro Kano ko Borno, ya ratsa Chadi da Darfur, ya iso a jigace, sai ya tarar da masu jin Hausa da Fulatanci, ga masauki, ga gona. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin audugar Gezira suka buɗe, mutanenmu suka riƙa cirar auduga suna tara kuɗin jirgin ruwa daga Suakin zuwa Jidda. Wasu sun sauke farali sun koma gida bayan shekaru. Wasu kuwa aure da 'ya'ya suka riƙe su. Mu da muka zo Gudu da niyyar shekara ɗaya, ga shi yaranmu sun gama sakandare a nan, ai ba sai an yi mana bayani ba.

Hukumar Turawa ta Sudan, wato 'yan'uwan waɗanda suka kashe mahaifinsa, ita ce ta amince da shi a matsayin sarkin jama'arsa. Ya rasu a shekarun 1940, sarautar ta ci gaba a gidansa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023 ya taɓa yankin Sennar, jikokin waɗancan matafiya na cikin waɗanda abin ya shafa. Mu sa su a addu'a bayan salla. Allah Ya jiƙan Mai Wurno da mahaifinsa.