Richard Titmuss: Farfesan da bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba

Jami'o'i da dama a yau suna koyar da ilimin manufofin walwalar al'umma, wato nazarin yadda hukuma ke tsara kiwon lafiya, fansho, gidaje da tallafin marasa ƙarfi. Sai dai mutumin da ya aza harsashin wannan fanni a Birtaniya bai yi karatun digiri ba.

An haifi Richard Titmuss a 1907 a gundumar Bedfordshire ta Ingila. Ɗan manomi ne, kuma yana da shekara 14 ya bar makaranta. Bayan rasuwar mahaifinsa ya kama aiki a kamfanin inshora, inda ya shafe shekara 16. Idan ya tashi daga ofis, sai ya duƙufa kan alƙaluman haihuwa da mace-mace. Littafinsa na farko, a 1938, ya nuna yadda talauci ke rage wa mazauna yankunan da aka bari a baya tsawon kwana.

Gwamnati ta ɗora masa rubuta tarihin hidimomin jin daɗin jama'a a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aikin ya fito a 1950, kuma a shekarar ce makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, LSE, ta naɗa shi farfesa na farko a wannan fanni.

Titmuss ya ƙi yarda cewa talaka kaɗai ke cin tallafin hukuma. Ya nuna cewa rangwamen haraji da fanshon wurin aiki su ma tallafi ne, kuma masu hali suka fi morar su. Ya kuma yi gargaɗi cewa hidimar da aka keɓe wa talakawa zalla takan lalace, ta zubar da mutuncin mai karɓa.

A littafinsa na 1970, The Gift Relationship, ya kwatanta Birtaniya, inda ake ba da jini kyauta, da Amurka, inda a wancan lokacin ake sayarwa. Ya gano cewa jinin saye ya fi ɗauke da cutar hanta, domin mai neman kuɗi yakan ɓoye rashin lafiyarsa.

Ya kuma ba Tanganyika shawara kan tsarin kiwon lafiyarta. Cutar daji ta yi ajalinsa a 1973. Tambayar da ya bar wa ɗaliban fannin tana nan: idan hukuma ta kashe dukiyar jama'a, wa ya amfana, wa aka bari?