Theodor Kaluza, Malamin Lissafin da Aka Manta da Shi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na san kowa ya taɓa jin sunan Einstein. Amma ni labarin wani malami zan kawo muku wanda ya ba shi mamaki, wato Theodor Kaluza, mutumin Jamus, wanda aka haifa a 1885.

Kaluza ya yi karatun lissafi a Jami'ar Konigsberg, garin da yanzu yake hannun Rasha. A nan ya shekara ashirin yana koyarwa ba shi da tsayayyen albashi, sai ɗan abin da ɗalibai suka biya. Ga iyali kuma.

Cikin wannan hali, a 1919, ya aika wa Einstein takarda. Mun san kowane abu yana da tsawo da faɗi da kauri, fuska uku ke nan, Einstein kuma ya ƙara lokaci ya zama ta huɗu. Shi Kaluza sai ya ƙara ta biyar a lissafin. Ikon Allah, sai ga dokokin lantarki da maganaɗisu sun ɓullo tare da dokar ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, alhali a da kowanne hanyarsa daban. Einstein ya yaba, amma ya yi ta jan ƙafa, ba a buga takardar ba sai 1921. Ni dai a ganina shekara biyu ta yi yawa ga mai neman abin sawa a baka.

To, ina fuskar ta biyar take, da ba mu ganinta? A 1926 Oskar Klein na Suwidin ya ce a naɗe take, ƙanƙanuwa ƙwarai. Ku dubi igiyar shanya daga nesa, kamar layi take, amma kiyashi yana iya kewaya ta.

Sai a 1929 Kaluza ya sami kujerar farfesa a Kiel, ya koma Gottingen a 1935. Can ya rasu a 1954, masana sun riga sun jingine aikinsa.

Bayan shekara ashirin da wani abu aka tono shi, saboda ka'idar tsirkiya. Masu wannan ka'ida sun ce asalin kowane abu wani ɗan zare ne mai kaɗawa kamar tsirkiyar garaya, kowane irin kaɗawa da ƙwayar da yake bayarwa. Lissafinsu ba ya daidaita sai da fuska 10, shida daga ciki a naɗe yadda Klein ya faɗa. Har yanzu dai babu gwajin da ya gano ko ɗaya daga cikin shidan.