Anselme Payen, Bafaranshen da ya gano sukarin da ke ɓoye cikin kara

Duk wanda ya taɓa ganin ana zuba tsiro cikin kunu, kunun ya tsinke ya yi zaƙi, to ya ga aikin abin da Anselme Payen ya gano. An haife shi a birnin Paris ranar 6 ga Janairun 1795. Mahaifinsa mai masana'antar sinadarai ne, kuma tun yana saurayi ya danƙa masa ragamar wata masana'antar tace boraks. A lokacin ƴan kasuwar Holand ne suka riƙe wannan haja, suna sa kuɗin da suka ga dama. Payen ya samo hanyar haɗa boraks a gida, ya sayar a kashi ɗaya bisa uku na farashinsu, kasuwarsu ta karye.

Daga nan ya koma harkar sukari. A 1833, shi da Jean-François Persoz suka ware wani sinadari daga tsiron sha'ir, wanda ke mayar da sitaci sukari. Suka raɗa masa suna diyastaz. Shi ne anzim na farko da aka taɓa warewa. A 1838 kuma ya ciro daga itace da tsirrai abin da ake kira salulos, wato zaren da ke ba kara da icce ƙarfi, ya nuna cewa ɗan'uwan sitaci ne ta fuskar abin da ya ƙunsa.

Waɗannan biyun su ne tushen man itanol da ake son yi yau daga karan masara da bambaro maimakon hatsin da mutane ke ci. Sai dai salulos ya fi sitaci taurin kai nesa ba kusa ba. Anzim ɗin da ke narka shi, wanda galibi ake samu daga wata fumfuna mai suna Trichoderma reesei, tsada ne da shi, kuma yana cikin abubuwan da suka hana wannan mai gogayya da fetur. Kamfanin DuPont ya buɗe irin wannan masana'anta a jihar Iowa ta Amurka a 2015, ya rufe ta a 2017.

Payen ya zama malami a École Centrale a 1835, ya kwashe sauran rayuwarsa yana koyarwa. Da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya a 1870, yunwa ta shigo gari, tsohon yana da shekara 75 ya duƙufa neman abin da jama'a za su iya ci daga ɗan abin da ya rage. Ya rasu a watan Mayun 1871.