Adolphe Pinard: Likitan da ya ce renon jariri daga cikin uwa yake farawa

Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki a ƙaramin asibiti a Anka, Gummi ko Bukkuyum ta san wani ɗan abu mai kama da mazurari da ma'aikaciyar jinya ke kifawa a kan ciki, ta kara kunnenta ta saurari bugun zuciyar ɗan tayi.

Ba ya buƙatar batir, ba ya jiran wutar lantarki. Sunansa Pinard, sunan likitan Faransa da ya ƙirƙiro shi a 1895.

Sai dai wannan mazurari ba shi ne babban abin da mutumin ya bari ba. Adolphe Pinard na cikin likitocin farko da suka tsaya a kan cewa ana iya rage haihuwar bakwaini idan aka kula da uwa tun kafin naƙuda ta zo.

Daga ƙauye zuwa Paris

An haifi Pinard ranar 4 ga Fabrairun 1844 a wani ƙaramin gari mai suna Méry-sur-Seine. Ya yi karatun likita a birnin Paris, ya kammala a 1874.

Ya yi sa'ar malami. Stéphane Tarnier, wanda ya koya masa aikin karɓar haihuwa, shi ne ya ga na'urar ƙyanƙyasar ƙwan kaji a gidan namun daji na Paris, ya sa aka ƙera masa irinta don ɗumama jarirai. Daga nan kwalbar da ake sanya bakwaini a yau ta samo asali.

Wani ɗalibin Tarnier, Pierre Budin, ya mayar da hankali kan jaririn da ya riga ya iso duniya: ɗumi, nonon uwa da tsafta. Shi kuwa Pinard baya ya koma. Tambayarsa ita ce, me ya fito da jaririn kafin lokacinsa?

A wancan zamani likita ba ya ganin mai juna biyu sai naƙuda ta kankama, galibi bayan al'amari ya riga ya ɓaci. A 1878 Pinard ya wallafa littafi kan yadda ake lalubar ciki da hannu a gane kwanciyar jariri, ko kai ne a ƙasa, ko ɗuwawu, ko a gicciye yake, da yadda za a juya shi daga waje kafin ranar haihuwa. Wannan laluba na cikin abin da ake yi wa mace a wurin awo har gobe.

Daga baya ya zama farfesa, ya shugabanci asibitin haihuwa na Baudelocque har zuwa 1914.

Binciken da ya sauya tunani

Matan da ke haihuwa a asibitinsa talakawa ne: masu wankau, 'yan aikin gida da ma'aikatan masana'antu. Da yawansu daga bakin aiki ake kawo su ɗakin haihuwa.

A 1892 wata mai taimakon al'umma, Marie Béquet de Vienne, ta buɗe mafaka a Paris inda mai tsohon ciki da ba ta da galihu za ta samu makwanci da abinci, ta huta har ta sauka. Pinard ya lura cewa jariran matan mafakar sun fi cika ido.

Bai tsaya ga gani da ido ba, ya ɗauko ma'auni. A 1895 ya gabatar wa majalisar likitocin Faransa sakamakon da ya samu. Jariran mata 500 da suka yi aiki har ranar haihuwa, matsakaicin nauyinsu giram 3,010 ne. Na wasu mata 500 da suka huta aƙalla kwana 10 a mafakar ya kai giram 3,290. Ya kuma nuna cewa cikin waɗanda suka huta ya fi kaiwa lokacinsa.

Bambancin kusan giram 300 ba wasa ba ne ga jariri. Wanda ya zo da ƙarancin nauyi ya fi saurin ɗaukar sanyi, ya fi gajiya wajen tsotson nono, cuta kuma ta fi saurin kayar da shi.

Daga wannan bincike Pinard ya riƙa kiran hukuma da ta bai wa mace hutu a ƙarshen ciki, tare da abin da za ta ci, domin hutun da babu abinci a cikinsa ba hutu ba ne. A 1909 Faransa ta yi dokar da ta hana korar mace daga aiki saboda hutun haihuwa. A 1913 aka ƙara wata da ta wajabta hutun mako huɗu bayan haihuwa, tare da ɗan tallafin kuɗi ga marasa ƙarfi.

Bayan ya bar koyarwa ya shiga siyasa, ya wakilci Paris a majalisar dokoki daga 1919 zuwa 1928.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Yana cikin jagororin wata ƙungiya mai ra'ayin inganta irin ɗan Adam, aƙidar da daga baya aka fake da ita aka zalunci nakasassu da wasu jinsuna a Turai da Amurka. Duniyar kimiyya ta yi watsi da ita.

Ya rasu ranar 1 ga Maris ɗin 1934 a garin da aka haife shi, yana da shekara 90.

Abin da bincike ya gyara

Likitoci na kiran jariri bakwaini idan ya zo kafin ciki ya cika mako 37, ba sai ɗan wata bakwai kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka a 2020, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Matsalolin bakwaini ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya.

Binciken baya-bayan nan ya gyara wa Pinard zama a wani wuri. Kwanciya a gado dare da rana ba ta hana haihuwar bakwaini, tana ma iya jawo daskarewar jini a ƙafa. Abin da ya tabbata shi ne aikin ƙarfi da doguwar tsayuwa na ƙara haɗari, haka ma zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, hawan jini, cutar mafitsara, ɗaukar ciki da ƙuruciya da kuma kunika.

A yau ana auna tsawon bakin mahaifa da na'urar hoton ciki don hasashen wadda ke cikin haɗari. Idan naƙuda ta taso da wuri, akwai allurar da ake yi wa uwa a asibiti don huhun jariri ya yi ƙwari. Idan an haife shi, manna shi a ƙirjin uwa fata da fata yana ceton rai ko babu kwalba.

Darasi ga yammacin Zamfara

Hausawa ba baƙi ba ne ga hikimar Pinard. Al'adar goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gaban iyayenta idan ciki ya tsufa, ita ma sauke nauyi ce. Amma mai ciki na biyar ko na shida fa? Ita ce a bakin turmi, ita ce a rijiya, ita ce da itace a ka, har ranar da za ta durƙusa.

Yankin na da wani ƙarin nauyi. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalma na ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan tayi, tana kuma da alaƙa da ɓari, haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi. Ga kuma rashin tsaro da ya sa hanyar asibiti ta zama abin fargaba a ƙauyuka da dama.

Hukumar Lafiya ta Duniya na so mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. A can ake gwada jini da fitsari, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, a kara mata mazurarin Pinard.

Sauran aikin kuwa na gida ne, kuma yawancinsa a hannun maigida da uwar miji yake: wa zai karɓi taɓarya, wa zai ɗebo ruwa, wa zai biya kuɗin mashin zuwa awo, wa zai hana a shigo da dutsen zinare tsakar gida.